Ba yajin aiki ne ya ceci Jesse Pinkman ba

Maganar nan ta ishe ni: wai yajin aikin marubutan fina-finan Amurka na 2007 ne ya hana a kashe Jesse Pinkman, ɗaya daga cikin taurarin labarin, a shirin talabijin na Breaking Bad. Masu faɗin haka ba su rasa hujja ba. Da farko an shirya ya mutu a zangon farko, kuma yajin ya rage zangon daga kashi 9 zuwa 7.

Sai dai mai shirin, Vince Gilligan, ya ce tun wajen kashi na biyu ya fasa kashe Jesse, da ya ga wasan Aaron Paul, ɗan wasan da ya fito a matsayin Jesse. A kashin nan ne Jesse ya ƙi bin umarnin Walter, abokin harƙallarsa, ya narkar da gawa a bahon wanka, asid ya cinye bahon har benen ya rufto a gabansu.