Ranar da kana raye amma bakinka ya daina aiki

Da zarar an tayar da zancen rubuta wasiyya, sai ka ji wani ya ce, "Ai Allah Ya riga Ya raba gado." Haka ne. Aya ta 11 da ta 12 da ta 176 a Suratun Nisa'i sun fayyace kason kowa. Amma ba za su gaya wa 'ya'yanka cewa filin nan da ke da sunanka rabinsa na ƙaninka ne ba, ko cewa kuɗin da ke asusunka amanar maraya ce. A cikin ayoyin ne ma aka yi ta nanata cewa rabo sai bayan wasiyya da bashi. To wa ya san bashinka in ba ka rubuta ba? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take magana.

Iyakar wasiyya kuwa sananniya ce: kada ta wuce sulusi, kamar yadda Annabi (SAW) ya faɗa wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas, kuma ba a yi wa magaji.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai ma ba mutuwar ba ce. Mutum ya kwanta lafiya lau, ya wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta gagara. Ko ciwon mantuwa ya riƙa cinsa a hankali har ya kasa gane 'yarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi. Irin wannan bawan Allah ba a raba gadonsa, don yana raye. Wasiyyarsa ma ba ta fara aiki ba. Matarsa ta je banki, a ce mata sai mai asusu ya sa hannu. Ga kuɗi a ajiye, ga iyali suna bin dangi neman rancen magani. Su kuma masu cin bashinsa, sai kowa ya yi gum.

Wani zai ce ai ya wakilta ɗansa. A dokokin ƙasashe da dama, takardar wakilci ta gama-gari tana mutuwa ne ranar da mai ita ya daina iya yanke hukunci, wato daidai ranar da ake buƙatarta. Shi ya sa Ingila, a dokarta ta 2005, ta tanadi wakilci mai ɗorewa iri biyu, na dukiya da na lafiya, waɗanda mutum ke sa wa hannu tun yana cikin hayyacinsa. Ka tambayi lauya abin da dokar ƙasarka ta tanada.

Sai kuma waya, wadda yanzu rabin sirrinmu ke cikinta. Tun 2013 Google ya ba da damar ka zaɓi wanda za a miƙa wa bayananka in asusunka ya daɗe shiru.

Ni ma da nake wannan surutu, sai bara na zauna na rubuta nawa. Na ɗauka shafi ɗaya zai ishe ni, sai ga ni a na huɗu, ina kiran wani abokina ina tambayarsa ko na taɓa biyansa kuɗin da ya ranta min. Ban biya ba.