Lemun tsami ya kwana a kan mabul

Kun san dutsen mabul ɗin nan fari na kantar kicinmu da Abban yara ya yi sati biyu yana zaryar kasuwar kayan gini ta Dei-Dei kafin ya yarda da farashinsa. To ranar suna na ɗora jarkar zoɓo a kan kantar kicin, ashe gindinta na yoyo. Washegari sai ga jan zobe.

Ni kuwa a gidanmu da lemun tsami da toka ake wanke komai. Na raba lemo biyu, na dirje wurin, na kife ɓari ɗaya a kai na ce ya kwana ya ci. Ya kuwa ci.

Mai aikin da ya ɗora mana dutsen ya zo da la'asar, facalata na zaune a kicin ɗin tana ɓare gyaɗa. Ya kunna fitilar waya, ya kwantar da ita a gefe, sai ga shatin ɓarin lemo ya fito dusashe tsakiyar ƙyalli, kamar an buga hatimi. Ya shafa da yatsa. Ya sake shafawa. Ya ce, "Hajiya, wa ya sa tsami a nan?" Na ce yara ne, ka san halinsu. Sai auta daga bakin ƙofa: "Mama, ba ke kika ce kar a taɓa sai ya kwana ba?" Gyaɗar facalata ta daina ƙara.

Bawan Allah ya kawar da kai ya shiga bayani. Mabul dangin farar ƙasa ne, duk abu mai tsami yana narkar da fuskarsa: lemo, tsamiya, tumatir, har zoɓon kansa. Jan zoben tabo ne, yana fita. A dama bekin soda da ruwa ya yi kaurin kindirmo, a lafta kamar rabin santimita, a rufe da leda a liƙe da salatif, a bar shi awa 24 zuwa 48, ya bushe a kankare da cokalin roba. Haka ma manja. Amma shatin lemo ci ne, sai hodar goge mabul, in ya yi zurfi sai inji. Ya ɗiga ruwa, cikin minti 10 wurin ya yi duhu, ya ce sila ɗin ma, wato maganin da ake shafa wa dutsen don kar ya sha ruwa, ta ƙare. Kuma ko an sake shafa ta, tabo take jinkirtawa, ba ta hana tsami.

Nan facalata ta ce, "Ai Yaya, shi ya sa ni na zaɓi giranit." Giranit! Matar da tun da aka kawo ta Gwarinpa ban taɓa jin ƙamshin albasa daga tagarta ba. Me zai taɓa giranit ɗin da ledar abincin saye kawai yake gani? Kulolina uku suna gidanta tun azumin bara, har da mai murfin gilas.

Jan dai ya fita a karo na biyu. Shatin lemo na nan, na ɗora masa tiren shayi. Abban yara ya tambayi dalilin da tire ba ya motsi, na ce ado ne.