Tafin filin kamfe daban, ƙuri'a daban

Wani mai labari ya ce yadda dattawa da masu ra'ayin riƙau ke tururuwa wajen taron 'yar takara mace alama ce ta cewa Arewa ta sauya. Ni daga Daura nake, kuma ina da ja. Mace a kan mulki ba baƙon abu ba ne a garinmu, Magajiya Daurama ta mulke shi tun kafin zuwan Bayajida, amma kirarin tarihi ba ya sayen fom ɗin takara. Masu ra'ayin riƙau kan rungumi mace ne idan tana faɗin abin da suke son ji. Haka aka yi a Amurka a 2008, 'yan Rifablikan suka yi ta shewa da Sarah Palin, 'yar takarar mataimakiyar shugaban ƙasa tare da John McCain, saboda adawarta da zubar da ciki, ƙarshe Obama ya kayar da ita da McCain. A nan gida, Mama Taraba ta gwada takarar gwamna a 2015, Binani ta doke Ribadu a zaɓen fidda gwani na APC a Adamawa ta faɗi a 2023, har yau ba a taɓa zaɓen mace gwamna a Najeriya ba. Wani Malam ya rubuta cewa addini ne ya hana zaɓen mace, to waɗancan da suka cika fili ba Musulmi ba ne? Matsalar tana wajen deliget da jakar kuɗi. Cikin masu tafin nan, wa zai bar 'yarsa ta nemi kansila a mazaɓarsa?