Kafin ka ce wane ya fi wane, ka taɓa jin waƙar har ƙarshenta?

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa, musamman ku 'yan majalisar dare da ba ku tashi sai mai shayi ya kife tukunya. Abin da ya sa na ɗauko wannan magana a gabana ya faru, wata Asabar bayan an idar da Isha, a teburin mai shayinmu na Tudun Wada. An ɗauke wuta, kowa ya fito shan iska, sai wani yaro ya kunna guntun waƙar Shata da ya tsinta a TikTok, ba ta kai minti ɗaya ba. Na kusa da shi ya taɓe baki ya ce ai Shata bai kama ƙafar Ɗanƙwairo ba. Kafin ka ce kwabo majalisa ta dare biyu. Wannan ya kira wancan bagidaje, wancan ya ce wannan kunnen ƙashi gare shi, har wani da ke son ya nuna ya fi kowa wayewa ya ce, "Su wa ma? Duk ba 'yan maula ba ne?" Mai shayi na cikin kaɗa ƙwai a kofi, sai da ya tsaya da cokali a hannu.

Akwai wani dattijo da muke ce wa Baba, tsohon direban tirela ne, ciwon ido ya sa ya ajiye sitiyari. Ba ya sa baki a hirarmu, shayinsa kawai yake sha ba madara. Ran nan ya ajiye kofi ya ce, "'Ya'yana, in tambaye ku mana. Cikinku wa ya taɓa zama ya ji waƙar nan tun daga farin kiɗa har inda aka sauke?" Wuri ya yi tsit kamar mutuwa ta gifta. Mu goma sha wani abu ne a wurin, babu wanda ya ɗaga hannu. Har da ni.

Ba musun nake hana ku ba. Musun mawaƙa tsohon abu ne, iyayenmu sun yi shi a tasha da rumfunan Kasuwar Barci, kuma Kaduna gari ne da ya dace da shi, don kusan kowa a nan daga wani wuri iyayensa suka zo. Bakatsine na ja wa Shata, Bazamfare na ja wa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, wanda ya tashi a Jos ba ya son a taɓa masa Ɗan Maraya. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Haka kuma ban shigo da maganar hukuncin kiɗa ba, wannan fagen malamai ne, kowa ya san wanda yake bi. Maganata da wanda ya riga ya zaɓi sauraro ce: in za ka yi, ka san abin da kake ji, kada ka yanke hukunci a kan aikin shekara hamsin da guntun da bai kai ka sha rabin kofin shayi ba.

Farko dai, mutanen nan da kuke gwarawa ba sana'a ɗaya suka yi ba. Ibrahim Narambaɗa makaɗin fada ne, kotso yake kaɗawa, ubangidansa Sarkin Gobir na Isa Amadu. Salihu Jankiɗi da taushinsa na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ne. Makaɗin fada yana da ubangida, yana da iyakar da ba ya tsallakawa, aikinsa ya ɗaukaka sarki da asalinsa, ya yi wa masu ja da shi zambo da habaici ta yadda fada za ta gane, na waje kuwa ya ji daɗin kiɗa kawai ya wuce. Musa Ɗanƙwairo daga wannan gida ya fito, sai dai Allah ya buɗa masa ya yi wa Sardauna waƙa, ya zaga fadoji da yawa har ya rasu a 1991. Mamman Shata kuwa, ɗan Musawa, kalangu ya riƙe ya shiga jama'a: sarki, attajiri, direba, soja, manomi, duk ya waƙe su, har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, abin da ya sa ake ce masa Dokta. Shi kuma Ɗan Maraya shi kaɗai ne da kuntiginsa, ɗan abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake rufe gwangwanin kifi da fata a yi shi. Ba 'yan amshi, ba maroƙi, ya zauna ya yi ta zancen aure da halin ɗan Adam da wahalar yaran mota. To don Allah da wane mudu za ka auna waɗannan? Kamar ka tsaya musu ne tsakanin maƙeri da masaƙi wa ya fi iya aiki. In kana son musu mai ma'ana, haɗa Narambaɗa da Jankiɗi da Sa'idu Faru, ka ce wa ya fi iya zambo, wa ya fi iya ɗinka magana. Nan ne za a ga mai sani.

Kuma ko sunan mata ba ku cika kawowa ba, sai in an zo raha. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da ƙwarya kife a ruwa ta shafe shekaru tana gaya wa mata su tashi su kama sana'a, tun kafin a fara tara su a otal ana ba su shawarar haka da lasifika.

Sai maganar harshe, wadda ita ce ta fi ba ni kunya. Yawancin waƙoƙin fada da Sakkwatanci da Zamfarci aka yi su, mu kuwa 'yan Kaduna Hausarmu ta gauraye, rabi ta kasuwa rabi ta makaranta. Na ga yaro ya rubuta baitin wata waƙa a Facebook, inda makaɗi ya ce "ya zaka", wato ya zo, shi ya rubuta "zakka", har ya ɗora sharhi cewa ana yabon sarki ne da fitar da zakka. Mutum ɗari suka danna masa alamar so. Wani ya ji "ɗiyan sarki" ya ɗauka gimbiya ake nufi, alhali 'ya'yan sarki ne masu jiran gado, waɗanda galibi su ake yi wa zambon. Wanda bai san "awa" na nufin "kamar" ba, duk kamancen da ke cikin waƙar ya wuce shi, kuma kamancen nan shi ne gishirinta. A wannan majalisa tamu ma an taɓa kusan dambe a kan Bakandamiya, ɗaya na rantsuwa ta Shata ce, ɗaya na rantsuwa ta Narambaɗa ce. Dukansu sun yi gaskiya, kowanne na da tasa mai wannan suna, ba kuma waƙa ɗaya ba ce. Da ɗayansu ya tambayi Baba da yake zaune taku uku daga wurin, da ba a yaga wa kowa aljihu ba.

Wanda ya ce 'yan maula, da kai nake yanzu, ƙanena. Mutanen nan sun riga mu gidan gaskiya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu, domin sun riga sun tarar da abin da suka gabatar. Suna da 'ya'ya da jikoki, wasunsu na riƙe da waya irin taka, suna karanta abin da kake rubutawa. Ka ce waƙar wane ba ta yi maka ba, wannan ra'ayinka ne, ba mai tsare ka. Amma ka tono asirin mamaci, ko ka ƙaga masa labarin tsafi da shaye-shaye da ka ji a bakin wanda shi ma ji ya yi, don kawai ka ci musu a teburin shayi, wannan kaya ne ka ɗaukar wa kanka, kuma mai yafe maka ba ya nan.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi daɗi, mafarkin sake rera tsofaffin waƙoƙi. Ina jin ku. Wani ya ce da Naziru Sarkin Waƙa zai ɗauki ta Ɗanƙwairo da an ga aiki, wani ya ce Ado Gwanja ya dace da ta Barmani, wani ya ce a bai wa Umar M. Shareef waƙar soyayyar Haruna Uje ya sa mata fiyano. Ni ma ina da nawa burin, ba zan ɓoye ba: ina so in ji Aminu Ala ya zauna da masu kotso na gaske, ba na kwamfuta ba. Mafarki ba laifi ba ne, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Damuwata da ku ce masu ƙananan sitidiyo a Rigasa da Kawo da Badarawa, da kuke tashi daga mafarki ku shiga aiki ba shiri.

Waƙar fada ba muryar mutum ɗaya ba ce. Jagora ya ɗauko ɗan waƙa, wato baiti, kafin ya dire 'yan amshi sun karɓe, su ƙarasa masa, wani lokaci su yi ƙari, sannan a koma gindi, wato amshin waƙar, tare, ga sanƙira a gefe yana cusa kirari yana sanar da kyauta. Mutanen nan shekaru suka yi suna ci a akushi ɗaya kafin numfashinsu ya zama ɗaya. Kai kuma ka shiga ɗaki kai kaɗai, ka rera, mai kwamfuta ya ninka muryarka sau huɗu, na'ura ta goge duk wata gargada, ka fito ka ce ka sabunta Ɗanƙwairo. Gargadar nan da aka goge, a cikinta ran waƙar yake. Kalangu ma magana yake yi: makaɗi na matse tsarkiya a hammata yana sassautawa, ganga na bin hawa da saukar harshe, har wanda ya iya ji ya gane taken da ake kaɗawa ba a furta ko kalma ba. Madannin fiyano ba ya matsuwa. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

In ka ce duk da haka za ka yi, to bi ta ƙofa. Rubuta baitocin, ka kai wa dattijon da ya san karin harshen ya gyara maka. Ka san wa aka yi wa waƙar da dalilin yin ta, kada ka kwashi zambon da aka yi wa kakan wani ka rera a bikin jikansa. Ka ambaci mai waƙa da bakinka da kuma a rubuce, kada yara su tashi suna zaton taka ce. Sannan ka nemi iyalinsa. Wannan ba alfarma ba ce: dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Shata ya rasu a 1999, ka ga sai 2069 ke nan. Ɗan Maraya ya rasu a 2015, lissafa da kanka. Ko babu hukumar da za ta bi ka, gado ne na magada, kuma ka san matsayin cin gadon wani. Gidan Ɗanƙwairo har gobe akwai masu kaɗa kotso. Me zai hana ka je Zamfara ka gaishe su, ka ɗauko biyu ko uku ku shiga sitidiyo tare, a biya su haƙƙinsu?

Laifi tudu ne, bari in sauka daga kan nawa in nuna muku shi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar akwatin ƙarfe cike da kaset. Da yawa da hannunsa ya ɗauka daga Rediyon Kaduna, gidan da ya fara aiki tun 1962, wanda ta bakinsa Arewa ta san yawancin makaɗan nan. Yakan kara rikoda a jikin rediyo, ya hana kowa tari a ɗakin. Kowane kaset ya rubuta sunan makaɗi da ajami a bayansa. Ina tuna shi da biro a hannu yana naɗe zaren da rikoda ta tauna, a hankali kamar mai ɗinkin hula. Da ya rasu na tura akwatin ɗakin ajiya, na ce wata rana zan kai a juye mini a memori. Damina shida ta wuce a kansa, rufin na yoyo ban sani ba. Ranar da na buɗe, zaren ya manne ya yi fari da fumfuna, takardun sun zama ƙasa. Cikin kaset fiye da ɗari, tara suka yi magana. A duk shekarun nan ina majalisa ina ɗaga murya a kan wa ya fi wa, abin da zan kafa hujja da shi yana ruɓewa a bayan ɗakina. Don haka duk mai irin wannan akwati a gidansu, ko faifan garmaho a ƙarƙashin gadon kaka, ya fito da shi makon nan, kada ya jira wata rana irin tawa.

Kaset taran nan na kai an juye. Baba ya kafa mana sharaɗi, muka karɓa: duk daren Juma'a za a sa waƙa ɗaya a ƙaramar sifikar mai shayi, ba mai magana, ba mai taɓa waya, sai ta ƙare, sannan a buɗe musu, wanda bai ji har ƙarshe ba kuwa ba shi da baki. Makon farko muka sa ta Narambaɗa. Mu goma sha huɗu muka fara. Wanda ya fi kowa zafin musu ya tashi a minti na shida wai zai sayo kati, bai dawo ba. Mu biyar muka kai ƙarshe, cikinmu har da yaron da ya kunna guntun waƙar Shata ran nan. Da aka sauke kiɗa ya matso kusa da benci, ya ciro wata takardar sukari da ya yi rubutu a bayanta, ya ce, "Baba, kalma bakwai ban gane ba." Baba ya ce a ƙaro masa shayi, ya gyara zama, ya ce ya karanto ta farko.