Gonar da muka kusa sayarwa saboda takardar aiki

Jama'a ku yi haƙuri, rubutun yau yana da tsawo. Na daɗe da maganar nan a raina, abin da ya sa na yi ta haɗiye ta shi ne ta shafi gidanmu. Jiya bayan isha'i na nemi izinin ƙanena, ya ce, "Yaya, rubuta, in dai zai hana wani gidan faɗawa inda muka faɗa."

Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Auyo. Ni a NCE na tsaya, na kama koyarwa a firamare. Ƙanen nawa shi ne na farko a zuriyarmu da ya yi digiri. Ya yi bautar ƙasa a kudu, ya dawo a farkon 2023, Inna ta yanka masa zakara, maƙwabta suka yi ta shigowa barka. Kowa gani yake kakarmu ta yanke saƙa. Bai rufa wata uku a gida ba sai ga 29 ga Mayu, ranar rantsuwa, aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da farashinta na gwamnati bai kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta da kanta, dalar da take wajen 460 a hannun gwamnati ta zarce 1,500 a farkon 2024. Mu nan ba ma ganin dala da ido, amma mun gan ta a buhun taki, mun gan ta a kuɗin mota, mun gan ta a kwanon gero.

Abin da mutanen birni ba su cika lura da shi ba shi ne, a ƙauye neman aikin kansa jari yake ci. Hoto kuɗi, fotokofi kuɗi, takardar shaidar ƙaramar hukuma kuɗi, data kuɗi. In an ce a zo tantancewa Dutse ko Kano, kuɗin mota zuwa da dawowa ya isa cefanen gida na kwanaki. Ƙanena yana da wani koren fayil da yake sawa cikin leda saboda ƙura, ya tura ƙarƙashin katifa. Gefunansa duk sun lanƙwashe don yawan ɗauka. Da daddare zai tafi tudun bayan makarantarmu, don nan ne kawai sabis yake tsayawa, ya zauna cikin sauro yana cike fom har cajin waya ya ƙare. Soja ya cike, kwastan ya cike, shige da fice ya cike, banki ya cike. Wasu ko amsa babu. Na sha hango hasken wayarsa daga ƙofar gida, in koma ɗaki in kasa barci.

Ana cikin haka wani ɗan uwa ya zo da albishir. Wai yana da aboki da ya san wani a Abuja, akwai guraben aiki a wata ma'aikatar tarayya da ba a tallata ba, kowane gurbi naira miliyan biyu da rabi, a ba da wani abu kafin alƙalami, in takardar ɗaukar aiki ta fito a cika. Muka zauna a zaure, ni da Baffa da Kawu. Baffa ya yi shiru ya ce, "To, ina za mu samo wannan kuɗin?" Ni ne na buɗe baki na ce akwai shanun huɗa, akwai kuma gonar fadama da mahaifinmu ya bari. Ni na faɗa, ba wani ba. Na ce albashin shekara biyu zai mayar da komai. Da labari ya isa cikin gida, Inna ta kira ni ta ce, "Ɗan nan, gonar nan ita ta ciyar da ku har kuka yi karatun. In kun sayar, me za ku bar wa na bayanku?" Na ce mata zamani ya canja. Har yau in na tuna amsar nan da na ba ta, raina ɓaci yake yi.

Muka kai bijimi ɗaya kasuwa, muka tura kuɗin. Bayan sati uku takarda ta zo ta WhatsApp, ga tambari, ga sa hannu, ga sunan ƙanena ɓaro-ɓaro. Gida ya kaure da murna. Muka fara cinikin gona, Allah ya sa mai sayen ya ce a ba shi zuwa bayan kasuwa biyu ya haɗa kuɗi. A tsakanin nan ƙanena ya ce bari ya je ya ga wurin da idonsa. Ya kwana a mota, ya isa bakin ƙofar ma'aikatar, wani ma'aikaci ya karɓi takardar ya juya ta, ya ce masa, "Malam, kai ne na huɗu a satin nan." Lambar mutumin da ya karɓi kuɗinmu tun ranar ba ta sake shiga ba.

Jinkirin mai saye ne ya bar mana gonar, ba wayonmu ba. Bijimin kuwa ya tafi.

Na san akwai mai cewa ai wasu suna biya kuma su samu. Gaskiya ne, kuma nan ne dafin yake. A 2023 wani kwamitin majalisar wakilai ya zauna kan badaƙalar sayar da guraben aiki a ma'aikatun tarayya, mutane suka fito bainar jama'a suka faɗi miliyoyin da suka biya. Tunda kowa ya san ana sayarwa, ɗan damfara ba ya buƙatar dogon bayani, labarin mutum ɗaya da ya dace ya ishe shi ya kwashe gonakin mutum ashirin. Kuma ko da ta gaske ce, me muka saya? Gurbin ɗan wani talakan da ba shi da bijimin sayarwa. Sunanta cin hanci, mun sani, malamai suna faɗa a mumbari, amma da ta zo kan ɗanmu sai muka kira ta taimako. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, na yarda, sai dai hannun da ya kama takobin shi ke yankewa.

Bari in faɗi wani abu da ya buɗe mini ido daga baya. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 marasa aikin yi sun kai kashi 33 cikin ɗari. A 2023 ta canja ma'auni, ta ce duk wanda ya yi aikin samun kuɗi ko na awa ɗaya ne a sati ma'aikaci ne, sai adadin ya sauko wajen kashi 4. Da na fara jin haka haushi ya kama ni, don a wannan lissafin ƙanena da ya taya wani loda buhu sau ɗaya a sati ya fita daga sahun marasa aiki. Amma a cikin rahoton nan akwai wata gaskiya mai ɗaci: fiye da kashi 90 na masu aiki a ƙasar nan ba aikin ofis ko kamfani mai rajista suke yi ba. Noma ne, kiwo, saye da sayarwa, sana'ar hannu, ƙwadago. Wato kujerar da muke raino 'ya'yanmu a kanta tun daga aji ɗaya, muna ce musu ku yi karatu ku zama manyan ma'aikata, ba ta kai ta ɗauki ko ɗaya cikin goma ba. Ni malami ne, na faɗa wa yara wannan maganar da bakina shekara da shekaru.

Ƙofofin da iyayenmu suka bi ma sun ƙuntata. A da mutum zai tafi Kano ya sami masaƙa ko masana'antar fata a Bompai ko Sharaɗa ko Challawa, yau da yawansu kango ne. N-Power, wato hanyar gwamnatin tarayya ta ba matasa aikin wucin gadi da aka fara a 2016, mai alawus ɗin 30,000, ta riƙe gidaje da yawa a nan, aka dakatar da ita a watan Oktoban 2023. Cin rani yana nan, amma kuɗin motar Legas ko Fatakwal kaɗai sai an sayar da akuya, kuma tun 2022 aka hana acaba a manyan unguwannin Legas. Da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 2023, har zuwa watan Maris na 2024, ku tambayi masu dako da dillalan kasuwar Maigatari yadda Alhamis ɗinsu, ranar cin kasuwar, ta koma.

Saboda haka ba na tare da masu zama cikin sanyin ofis suna cewa matasa malalata ne, su koma gona. Wace gonar? Wadda gado ya yanka gida tara? Noman rani sai da injin ban ruwa, inji sai da fetur. Ambaliyar 2022 ta shanye gonaki a nan yankin Haɗeja har da gidaje. Waɗanda suka ci bashi suka noma shinkafa da masara sun ga yadda farashin hatsi ya faɗi a 2025 alhali taki bai sauko ba. Noma ba wasa ba ne, kuma wanda bai taɓa kwana yana gadin inji a fadama ba ya rage murya in zai ba da wannan shawarar.

Amma akwai abu ɗaya da yake hannunmu, ba na gwamnati ba, kuma shi ne ya sa na ɗauki waya yau. Bakinmu.

Da ƙanena ya dawo daga Abuja, wata biyu ya yi a ɗaki. Ba rashin abin yi ne ya zaunar da shi ba, lokacin dashen shinkafa ne, ana neman hannu ko'ina, ana biya kullum da yamma. Tsoron majalisa ne. In ya wuce teburin mai shayi sai ka ji an ce, "Ranka ya daɗe, yaushe za a fara shiga ofis?" A yi dariya. Su a wurinsu raha ce. Na san samari a garin nan masu difloma da suke tura baro a Fatakwal, suna wankin takalmi a Abuja, suna kwana a kangon gini, amma ba za su iya ɗaukar fartanya su yi ƙwadago a gonar maƙwabcinsu ba, don kada a ce karatun ya tashi a banza. Mu muka kore su. Kuma wannan dariyar ce take tura uba ya sayar da gona, don ya huta da tambayar "har yanzu yaron bai samu ba?" Ɗan damfara yana Abuja, amma masu kora masa kasuwa suna zaune a kan benci a ƙofar gidajenmu.

'Yan mata kuma nasu ya fi ciwo, don ba su da cin rani. Yarinya ta gama makarantar kiwon lafiya ko NCE, ta yi shekara uku tana aikin sa-kai ba ko sisi, da fatan in an tashi ɗauka za a tuna da ita, in aka tashi sai a kawo sunan wata daga sama.

Yadda ƙanena ya fita daga ɗaki, ba ta intanet ba ne. Da kaka ta yi, wani mai sayen shinkafa da yake lodi zuwa Kano yana neman wanda zai riƙa rubuta masa buhu, ya yi lissafi, ya tura wa manoma kuɗinsu ta waya ba tare da an yi rigima ba. Baffa ne ya tare shi bayan sallar Juma'a ya ce, "Alhaji, ga ɗana nan, ba ya ɗauke-ɗauke, ni na tsaya masa." Shi ke nan. Ba a tambayi koren fayil ba. A nan karkara aiki ta bakin mutum yake tafiya, kuma abin da ake tambaya shi ne ɗan wane ne, yana da amana, yana tashi da wuri. Ranar farko na gan shi tsaye a bakin sikeli da biro a kunne, ƙaiƙayi ya rufe masa gira, masu wucewa suna kallo. Ya daure.

Daga nan ya lura manoma suna barin injin fetur suna komawa na sola, kuma in ya lalace sai an ɗauko mai gyara daga Haɗeja. Ya je ya durƙusa wa wani yaro da ƙanen nawa ya girme shi da shekara biyar, wanda ko sakandare bai gama ba, ya ce a koya masa. Wata shida yana riƙe masa tsani da waya, yana kiransa oga. Karatun bai tafi a banza ba, shi yake karanta takardar da take zuwa da kaya, shi yake lissafin farantin sola nawa zai ja famfo kaza. Yanzu ana kiransa ƙauyuka uku zuwa huɗu. Ba zan yi muku ƙarya ba, bai yi kuɗi ba. Wani satin a samu, wani satin shiru, aure ma bai taso ba tukuna. Har yanzu in an buɗe ɗaukar aiki na kyauta yana cikewa, kuma ina goyon bayansa, don haƙƙinsa ne kamar ɗan kowa. Abin da muke roƙon hukumomi shi ne a tallata gurbi a fili, a yi jarrabawa a hedikwatar ƙaramar hukuma inda talaka zai iya zuwa, a kafe sunaye a bango kowa ya gani.

Da daminar bana sai da muka ari sa a wurin maƙwabci muka haɗa da namu kafin mu yi huɗa. Inna ba ta taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya.

Ranar Talatar da ta wuce wani dattijo a unguwarmu ya same ni a makaranta bayan an tashi. Ya zauna a kan bencin yara, ya rage murya ya ce, "Malam, an yi mini maganar wata hanya ta yaron nan, an ce miliyan uku." Na ciro wayata na nuna masa takardar ƙanena, da tambarinta da sa hannunta, na ba shi labari tun daga zaure har ƙofar ma'aikata. Ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Amma shi wannan mutumin an ce na kirki ne, surukin wane ne." Ya ce zai yi shawara. Shekaranjiya aka ce mini an ga dillalin gonaki ya fito daga zaurensa. Gobe in Allah ya kai mu, bayan sallar asuba, zan koma wurinsa, ni da ƙanena da Baffa.