Tike kullum, rumfa babu

Duk Maraɗi ba wanda bai san labarin 1945 ba. Gulbi ya cika ya cinye tsohon gari da ke kwari, aka kwashe mutane aka hau tudu, kasuwa ma ta bi su. Wato kakanninmu gudun ruwa suka yi. To a gaya mini, don me har yau mai sayar da tumati da shu yake zaune cikin taɓo duk damina?

Ku shiga wajen 'yan kayan miya ranar Litinin ko Juma'a bayan an kwana ana ruwa. Tsohuwa ta taso tun asuba daga Jiratawa da buhun zogale, ta biya mota, ta biya mai amalanke, ta iso ta tarar inda take shimfiɗa ya zama kududdufi. Sai ta jera duwatsu ta ɗora faranti. Kafin ta yi cinikin dala ashirin, ga mai tike a kanta: "Iya, kawo na yau." Ba ya fashi, ko da ana tsawa. Shara kuwa tana nan jibge bayanta, ruɓaɓɓen tumati da ɓawon albasa, ƙuda ya tashi daga can ya sauka kan salatin da za mu ci ɗanye. Haba jama'a! Kuɗin tiken nan ina yake tafiya?

Abin da ke ƙona mini rai, garin nan kasuwa ce ta gina shi. Zamanin gyaɗa nan ake awo, nan alhazan Maraɗi suka yi suna, har farin farkon shekarun 1970 ya karya ta. Aka koma fatauci da Katsina da Kano ta Ɗan Isa da Jibiya. Da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, da aka sake rufewa a 2023, manyan 'yan kasuwa sun yi ta kuka, amma masu lambun bakin Gulbi ba su bar tukunyarmu ta bushe ba. Sakayyarsu ke nan, zama a rana.

Da bazara ma ba sauƙi. Kwandon tumatin da aka sauke da safe, kafin la'asar ya fara tsiyaya, dole a karyar da shi ko a zubar. Ba wanda ya ce a gina musu bene. Rumfar kwano, daɓen siminti, magudanar ruwa, da motar kwasar shara. In ba za a yi ba, a daina aiko mai tike.