Duka ba bincike ba ne

A 1986 'yan sanda a Leicestershire ta Ingila sun kama wani saurayi ɗan shekara 17 kan yi wa wata yarinya fyaɗe da kashe ta. Ya amsa laifin da bakinsa. Duk da haka aka kai jininsa wurin Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester, wanda ya gano hanyar tantance mutum ta DNA, wato ƙwayoyin halittar gado da ke jikin kowa, a 1984. Gwaji ya ce ba shi ba ne. Aka sake shi, aka shiga ɗibar jinin maza kusan 5,000 a ƙauyukan yankin. Ainihin mai laifin, Colin Pitchfork, har wani ya tura ya ba da jini a madadinsa, amma asiri ya tonu, aka yi masa ɗaurin rai da rai a 1988.

Jama'a, da a nan ne, ai magana ta ƙare tun da yaron ya ce "ni ne". Mun san yadda ake samo wannan "ni ne" ɗin a bayan kanta a ofishin 'yan sanda. Tun 2017 akwai dokar hana azabtarwa a Najeriya, amma jami'in da ba a ba shi komai ba sai kulki da bindiga, da me zai yi bincike? Wanda ya ji wuya zai amsa har abin da kakansa bai yi ba, mai laifin kuwa yana shan shayinsa a bakin titi.

Mu ma da namu laifin. A yi kisa a unguwa, kafin motar 'yan sanda ta iso an cika ɗakin maƙil. Wannan ya ɗaga wuƙar ya juya ta, wancan ya tattake sawun takalmin da ke bakin ƙofa, wata baiwar Allah ta kawo bokiti ta wanke jinin don kada yara su gani. Niyya mai kyau ce, amma shaidar ta bi ruwa. Kafin la'asar an yi jana'iza.

Legas ta buɗe cibiyar gwajin DNA a 2017, aka lalata ta a rikicin zanga-zangar adawa da zaluncin 'yan sanda ta EndSARS a 2020. Ko kowace jiha ta gina irinta, me za a kai musu in an riga an share wurin?

Ina roƙon malamanmu su yi wa mutane bayani a kan mumbari. Da yawa suna jin "binciken gawa" sai su ɗauka yanka za a yi, su ce sun bar wa Allah. Alhali ɗaukar hoton rauni da kankare abin da ke ƙarƙashin farcen mamaci ba ya hana a sallace shi a ranar.